Rewi a Kan Leɓen Dutse

Takalma biyu Rewi ya zo da su bukkar mafarauta da ke gindin tsaunin: sabo mai tauri kamar katako, wanda ya ci masa dunduniya a tafiyar jiya, da tsoho mai laushi da ya saba da ƙafarsa shekara shida. Da safe ya juya wannan, ya juya wancan, ya zura tsohon.

"Yaya, da wannan silifas ɗin za ka hau?" in ji ƙanwarsa Marama, tana ɗaure nata mai tauri.

"Ke dai shanye shayinki. Ina hawan tsaunin nan tun kina rarrafe."

Da hantsi suka hango wani bunsurun dutse a ƙetaren kwazazzabo mai cike da dusar ƙanƙara. Rana ta tausasa ta, don haka Rewi ya ƙetare ba wahala, ya bar Marama tana duba masa da madubin hange. Ya fi awa biyu yana sanɗa. Iska ta juya, bunsurun ya shaƙi warinsa, ya haure tudu ya ɓace.

Da ya dawo, inuwa ta rufe kwazazzabon, dusar ta daskare kamar gilashi. Ya doka ƙafa don ya yi wa kansa matakala. Takalmin ya lanƙwashe, yatsunsa suka yi zugi, ƙanƙarar ko gezau. Ya sake, sai ƙafar ta zame, da ƙyar ya ja da baya.

Inda ya tsaya ɗan leɓen dutse ne, faɗinsa bai wuce benci ba. Hanyar da ya sauko ta daskare ita ma. Ƙasa kuwa rami ne, sai ƙarar kogi can nesa. Ya zauna, ya ga ba wurin miƙe ƙafa, ya tashi. Sanyi ya fara shigarsa ta tafin ƙafa. Waya ba ta kamawa a nan, ya sani, amma sai da ya duba.

"Marama! Sauka ki nemo mutane!"

"Kafin su zo ka zama ƙanƙara. Tsaya nan!"

"Da ina zan je?"

Ta ajiye jakarta ta shigo, fuskarta ga gangaren. Kowane taku sai ta doka bakin takalminta sau biyar, sau shida, kafin ya huda. Rewi yana ƙirgawa. Sau ɗaya ta tsaya ta kifa goshi a kan ƙanƙarar, sannan ta ci gaba.

Da ta iso tana haki ta ce, "Inda na sa ƙafa nan za ka sa. Kar ka duba ƙasa, kar kuma ka yi min gardama."

Ya bi ta, rami bayan rami. A tsakiya ya ji tafin takalmin yana naɗewa a bakin ramin.

"Ba zan iya ba."

"Saura goma sha ɗaya, Yaya. Taho."

Suna isa kan ciyawa ta zauna ta cire takalmi. Safarta ta jiƙe da jini, farcen babban yatsanta ya ɗaye. Rewi ya naɗe mata shi da kyau, ya haɗa jakarta da tasa ya saɓa.

"Kar ki gaya wa matata," ya ce.

"Ai tun kafin mu sha ruwa za ta ji."