Dashen Perdegul a Inda Teku Ta Janye

A garinmu Moynaq ba wanda ke tambayar inda teku ta tafi. Jiragen kamun kifi suna nan kwance a kan rairayi sun yi tsatsa, kuma duk ranar da iska ta taso daga arewa, gishiri muke shaƙa. Ni da Perdegul tare muka tashi, tare muka yi tarinmu na yarinta. Ita ta tafi birnin Nukus ta karanci ilimin ƙasa da tsirrai, ni na zauna ina koyarwa a sakandare.

Da ta dawo, cibiyar binciken da ta ɗauke ta aiki ta ce ta gwada dashen saksaul, itacen nan mai riƙe rairayi. Sai ta zaɓi wuri mafi muni, can ciki inda ruwa ya janye, ƙasa ta yi fari fat kamar an baza gari. Ranar Asabar nakan kai mata ɗalibaina, su auna gishirin ƙasa, su yi dashe.

Shekarar farko komai ya bushe ƙurmus.

Mahaifinta, Allaniyaz-aga, wanda ya tsufa yana tuƙa jirgin kifi, bai raga mata ba. Muna zaune ana shan shayi da madara ya ce, "To malamar gishiri, yaushe za mu sha inuwa? Inda na jefa taru nan kike binne itace. Ranar da ruwa ya dawo fa?"

"Baba, ruwan nan ba zai dawo ba," in ji ta. "Ka sani, na sani. Ƙurar wurin nan ce ta ci huhun Inna, ni kuwa ba zan zauna ta ci na jikokinka ba."

Ya ajiye kofinsa ya fita. Har sanyi ya wuce bai sake yi mata magana ba.

Ana cikin haka shugaban cibiyar, Farfesa Tleumuratov, ya zo duba aiki. Ya dubi busassun ƙirare ya girgiza kai.

"Ƙanwata, mayar da gwajin nan bakin titi. Ƙasar can ta fi daɗi, baƙi ma idan sun zo su ga kore."

"Ranka ya daɗe, ƙurar da ke kwantar da mutane ba daga bakin titi take tasowa ba."

"Taurin kai ba bincike ba ne. Zan janye tarakta da motar da cibiya ta ba ki."

"A janye. Ƙafafuwan ai nawa ne."

Ba da ka ta yi maganar ba. Awon da yara suka yi ya nuna mata cewa a sawun tayar mota, inda iska ta tara rairayi, gishirin ya ragu sosai. Dabararta ita ce a haƙa dogayen kwari da kaka, a bar iska ta cika su da rairayi, ƙanƙara ta jiƙa su, sannan a dasa idan sanyi ya karye.

Ba tarakta, sai ta bi gida gida. Matan da suka gaji da kai yara asibiti suka fito da shebur. Wani maƙwabcinmu ya ba da tsohuwar motarsa ta ɗaukar kaya, wadda sai an tura take tashi. Ni ma shugaban makaranta ya kira ni ya ce ina ɓata wa yara lokaci. Na ce darasi ne, in yana shakka ya zo ya gani. Bai zo ba, ban fasa ba.

Hannuwanmu suka tsage, gishiri ya shiga tsagar. Muka haƙa, muka jira, muka dasa.

Da zafi ya yi zafi guguwa ta taso, ta wuni tana kaɗawa. Bayan ta lafa muka je. Da yawa daga cikin dashen sun mutu, amma a cikin kwarin, ga tsirrai nan sirara, kore shar, rairayi ya taru a gindinsu. Tazagul-apa, tsohuwar da ta fi kowa ƙorafi ranar haƙa, ta durƙusa tana ce wa ɗaya, "Kai ja'iri, ashe kana da rai!"

Farfesa ya dawo, ya zaga, ya ce shekara ɗaya ba hujja ba ce.

"Gaskiya ne," in ji Perdegul. "Shi ya sa zan yi goma."

Bai ce ya yi kuskure ba, amma da kaka sai ga tarakta.

Bana ta ce za ta ƙara matsawa ciki, inda ko kiyashi ba ya zama. Jiya ta aiko in shirya 'yan ajin ƙarshe, kowa ya zo da ruwan shansa da ƙyallen rufe hanci.