Ruwan Buromin na Malam Ɗanmusa

Shekara goma sha ɗaya Malam Ɗanmusa yana koyar da kemistiri a wata sakandare kusa da Kurgu, amma ba ɗalibin da ya taɓa ganinsa riƙe da kwalbar gwaji. Makullin kabad ɗin sinadarai na rataye a ɗamararsa. Idan masu duba makarantu sun zo, sai ya nuna musu kwalabe jere ta cikin gilashi, a yaba masa tattali. Malama Safina, wadda aka turo bara ta taimaka masa, ta raina shi tun makon farko, kuma ba ta ɓoye ba.

Saura kwana huɗu jarrabawar firaktikal, ɗalibanta talatin da takwas ba su taɓa ganin launi ya canza a kwalba ba. Sun haddace dai kamar karatun aku: in sinadarin alkin ya haɗu da ruwan buromin, sai launin buromin mai kamar ruwan goro ya ɓace. Ta roƙi makulli sau uku, ya ce yara ɓarna gare su.

Ran kasuwa ta je wurin Yero, mai sayar da maganin dabbobi ga makiyayan da ke ƙetarowa daga Benin, ta sayi garin nan shunayya da ake wanke ciwon kofaton shanu da shi. Famanganet ne, kuma shi ma yana tona asirin alkin. Ta jiƙa shi a kofi, ta kawo man gyaɗa daga gida, don akwai alkin a cikinsa. Tana ɗaga cokali sai ga Ɗanmusa a bakin ƙofa.

"Mi nika gani haka? Maganin shanu cikin ajina?" Ya ɗauki kofin ya watsar ta taga. "Yau za ku ga kaya na gaskiya."

Ya buɗe kabad yana hura hanci. Kwalbar etanol ta bushe ƙayau, abin cikinta ya daɗe da bin iska. Ya jawo ta buromin. Shekarun da ta yi tana shan rana ta taga sun cinye launin, ruwan ya koma fari tas kamar na randa.

Safina ta ji daɗi har cikin ranta. Ta naɗe hannu tana jiran ta ga kunya a fuskar mutumin.

Ina! Ko gezau bai yi ba. Ya ɗiga man gyaɗarta a ciki, ya girgiza, ya ɗaga kwalbar sama.

"Kun ga wani launi?"

"A'a, Malam!"

"To, ya ɓace ke nan. Ku rubuta abin da kunka gani."

Ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta juya ta dubi ajin. Duk kawuna sun sunkuya. Har Dela, yarinyar da ta fi kowa yawan tambaya, tana ja wa amsar layi da rula, tana murmushi, don yau ta ga gwaji da idonta.