Sabis ɗin Vlasta

Ni da matata Vlasta a filin tanis na garinmu muka haɗu, tun zamanin raket na katako. A ƙuruciyarmu tare muke shiga gasa, mace da namiji gefe ɗaya, har manyan wasannin ƙasa mun buga. Kocinmu na lokacin magana ɗaya yake gaya wa mata in sabis ya zo kansu, wato bugun da ake buɗe wasa da shi: ki dai tura ƙwallo ta tsallake raga, namijin zai ƙarasa. Mu samari kuwa sai mu wuni da kwandon ƙwallo muna koyon duka da ƙarfi. Haka Vlasta ta yi zamaninta, ƙafa biyu a ƙasa, ta cilla ƙwallo ta shafe ta a hankali. Ba ta cika kuskure ba, kuma ba mai tsoronta.

Jikarmu Sharka ce ta gaje mu, ta ma wuce mu, don yanzu ƙasa-ƙasa take yawo da wasan. Bara ta zo mana hutu lokacin zafi. Ran Lahadi muna cin gasasshiyar agwagwa da kabeji, sai na ce har gobe sabis na maza ne.

Sharka ta ce, "Kai tsoho, maza sun fi mu tsawo da ƙarfin kafaɗa, ban musa ba. Amma naka na da, da icen nan da kuke kira raket? Nawa na yau zai wuce ka kana laluben tabarau."

Na ce, "Rashin kunya dai kin iya."

Vlasta ta ajiye cokali ta ce, "Ni ba wanda ya taɓa cewa in gwada. Ban ma san ko ina da ƙarfin ba."

Sharka ta dube ta ta ce, "To Kaka, gobe ki sa takalminki."

Na ɗauka wasa ne, don Vlasta ta doshi saba'in. Da safe sai ga su a fili. Sharka ta sauya mata riƙon raket, ta sa ta lanƙwasa gwiwa, ta cilla ƙwallo sama sosai, ta bi ta da dukkan jiki. Makon farko ƙwallaye sun sha yawo. Wasu sun daki waya, wasu sun hau rufin ɗakin canza kaya, ɗaya ta same ni a ƙeya ina durƙushe ina tsince wasu.

Abokina Kvetoslav, wanda muka tsufa muna karawa da shi, yakan zauna a benci da kofin giyarsa yana kallo. Ya ce, "Vlasta, ki tausaya wa tattabarun gari mana."

Ta ce, "Sha giyarka, Kveto. Zan zo kanka."

Da hutu ya ƙare Sharka ta koma gasanninta, amma Vlasta ba ta daina ba. Ni na zama mai kwaso ƙwallo, kuma gaskiya na ji daɗin aikin. Wata safiya na ji ƙarar raket ɗinta ta sauya, ta yi kauri, na ɗago na gan ta tsaye tana murmushi ita kaɗai.

Kafin sanyi ya shigo a rufe fili, kulob ya shirya gasar tsofaffi. Aka haɗa mu da Kvetoslav da matarsa Libushe. Da sabis ya zo kan Vlasta, Kvetoslav ya matso cikin fili kamar yadda ya saba tun muna samari, don ya san bugunta ba ƙarfi. Sabis ɗinta na farko ya faɗa raga. Na biyu ma haka, muka rasa maki. Kvetoslav ya ce, "Ba komai, ragar ce ta yi tsawo." Da lokacin sake buga masa sabis ya yi, Vlasta ta lanƙwasa, ta miƙe, ƙwallo ta sauka daidai layin tsakiya ta wuce shi bai ko ɗaga hannu ba.

Ya je ya sunkuya yana duba tabon da ta bari a jar ƙasa. Kafin ya buɗe baki matarsa ta ce, "A ciki take, Kveto. Kada ka ba mu kunya."

Ya miƙe yana dariya, ya ja da baya har bayan layi. A nan ya tsaya mata har aka tashi.

Su suka ci wasan, don sabis ɗin Vlasta da yawa sun tafi waje. Ba ta damu ba. A gida ta ɗora ƙanƙara a kafaɗa, ta kira Sharka a waya ta ba ta labarin, ta sake ba ta, tana ƙara gishiri. Ni na dafa mana dankali.

Muna cikin ci aka ƙwanƙwasa ƙofa. Libushe ce da raket ɗinta a hammata. Ta ce, "Vlasta, nuna mini yadda kike riƙe abin nan." Vlasta ta ture faranti, suka fita tsakar gida.