Har Mutuwa, Ban da Nisa

Ni Viney, ni ce mai wankan gawa a ƙauyenmu da ke bakin kogin Tar, a Carolina ta Arewa, can ƙasar Amurka. Idan na dubi mara lafiya na ce ya kusa, ba mai yi mini gardama. Ranar Laraba na dubi Baba Ransom. Hancinsa ya tsuke, ƙafafunsa sun yi sanyi har gwiwa, tarin nan kuwa ya cinye shi sai ƙashi. Na ja matarsa, Inna Mahala, zuwa bayan ɗaki.

"Inna, ki sa a fara auna katakon akwatin gawa. Ba zai ga Lahadi ba."

Ko gezau ba ta yi ba. Ta ce, "To gobe za mu gari ke nan. Aure za mu yi."

Na zaci baƙin ciki ne ya taɓa mata kai, ashe lafiyarta lau. Shekara ɗaya ke nan da aka 'yanta mu, kuma a wannan bazarar aka yi shela cewa duk waɗanda suka yi aure suna bayi za su iya zuwa kotu a rubuta aurensu ya zama na doka. Sharaɗin dai shi ne miji da mata su je da kansu. Mahala tana ta jira Ransom ya ji sauƙi, ni kuma na zo na gaya mata babu sauƙin.

Aurensu na farko kowa ya san yadda aka yi shi, domin haka aka yi na iyayenmu duka. A bayan rumbun taba suka tsallake tsintsiya, wani tsohon bawa mai wa'azi ya ɗaga hannu ya ce, "Kun zama mata da miji, har mutuwa ko nisa ta raba ku." Ba mugunta ya yi ba, gudun ƙarya yake yi a gaban Allah. Nisan kuwa ya zo. Aka sayar da Ransom can Alabama, shekara goma sha tara ba labari. Da yaƙin basasa ya ƙare ya tako da ƙafa har gida, ya tarar da ita tana tsince wake a ƙofar ɗakin da ya bar ta. Tun daga ranar kalmar "nisa" ɗin nan ta tsaya mata a rai.

Na ce, "Inna, mil tara ne fa. Hanyar nan za ta ƙarasa shi."

"A kan gadon ma ai ƙarasawar zai yi, ke kika faɗa. Gara ya ƙarasa yana mijina."

Ransom ya jiyo mu daga ciki, ya ce cikin 'yar murya, "Viney, bar ta. Shekara talatin da takwas ban taɓa cin gardama da matar nan ba, sai yau da ba ni da numfashi?"

Keken alfadari ɗaya ne a ƙauyen, na Pompey kafinta, kuma da shi ake kai gawa maƙabarta. Pompey ya yi ta ƙunƙuni wai mugun fata ne a ɗora mai rai a kai. Mahala ta ce masa, "Ɗan nan, idan alfadarinka bai koka ba, kai mene ne naka?" Hantsi bai yi ba mun shimfiɗa katifar ɓawon masara, mun kwantar da ango cikin farar rigar da na san da ita za mu binne shi, mun lulluɓe shi da bargo. Ita ta riƙe linzami, ni na zauna a baya na tallabe kansa.

Abin da ya ba ni haushi, ya kuma ba ni dariya, shi ne mutanen hanya. Duk wanda ya hango keken Pompey da ni a ciki sai ya tsaya ya cire malafa. Wata mata a gonar taba har ta fara rera waƙar makoki. Ransom ya zaro hannu daga bargo ya ɗaga mata. Sai ga fartanya a ƙasa, matar ta ranta a na kare.

"Ka daina tsorata mutane, tsoho," in ji Mahala, ba ta ko waiwayo ba.

"Gaisuwar biki nake amsawa, yarinya."

A mashigin rafi dariya ta ƙare. Keken ya yi tsalle kan dutse, tari ya sarƙe shi, jini ya ɓata gaban farar rigar, idanunsa suka juye. Na ce a tsaya. Ta tsaya, ta sauko, ta kama fuskarsa da hannu biyu.

"Ransom! Ka tako daga Alabama, mil uku ne zai gagare ka? Wallahi ba ka isa ba. Buɗe ido."

Ya buɗe. Ni da na rufe idanun mutane fiye da yadda zan iya tunawa, ranar na ji tsoron mace mai rai.

Mun isa kotu rana tsaka. Magatakardan wani Bature ne matashi mai jan gashi, duk yatsunsa tawada. Ya ce a shigo da mijin. Mahala ta ce mijin ba ya takawa, sai dai littafin ya tako. Ya ce littafin kotu ba ya fita waje. Ta ce to, ta gyara zama a kan matakala, a daidai bakin ƙofa, yadda ba mai shiga ba mai fita sai ya tsallake ta. Ma'aurata wajen goma da ke layi suka zuba masa ido. Ya leƙa keken, ya ga jinin, ya koma ciki. Can sai ga shi da littafi a hammata, ya ɗora shi a gefen keke.

"Shekara nawa kuna tare, Goggo?"

"Talatin da takwas."

Ransom, sarkin gaskiya, ya ce, "Amma fa a cire sha tara na…"

"Rufe mana baki. Mu muka raba kanmu? Rubuta talatin da takwas, ɗana."

Ya rubuta. Kowannensu ya dangwala alama a inda aka nuna masa, magatakarda ya miƙa musu takardar shaida, ya ce shi ke nan, an gama.

"Ba a gama ba. Sai ka faɗi maganar da ake faɗa wa fararen fata."

"Ni ba fasto ba ne, Goggo."

"Wanda ya faɗa mana ta farko ma ba fasto ba ne. Kai dai faɗa."

Fuskarsa ta yi ja kamar gashinsa. Ya cire malafa, ya ce, "Kun zama mata da miji, har mutuwa ta raba ku."

Mahala ta karkata kunne tana jira. Ransom ma yana jira. Duk tsofaffin da ke layin nan jira suke yi, don kunnuwanmu sun saba akwai saura. Yaron ya dube mu a ruɗe.

"Iyakarta ke nan, Goggo. Babu ƙari."

A nan na fashe da kuka, ba kuma ni kaɗai ba.

A hanyar komawa Ransom ya ce yana jin yunwa. Ta gutsura masa burodin masara, ya ɗan tsotsa, ya ce amarcin nan ba laifi. Ya kwana biyu a gida, ya cika ranar Asabar da la'asar, takardar kotu tana ƙarƙashin matashinsa.

Da na zo wanka na tarar ta riga ta ɗora ruwa a wuta, ta wanke jinin rigar tas. Na fara yi mata ta'aziyya irin wadda na saba, ta ɗaga mini hannu. Hawaye na zuba, amma kanta a miƙe yake.

"Kin gani ko, Viney? Wannan karon ba wanda ya ɗauke mini shi. Mutuwa ce ta raba mu, kamar kowa."