Sandar da ke Mararraba

Kwana biyu ke nan jandarmomi suna kora ayarin maƙeran tagulla zuwa gabas. Shekarar yaƙi ce, an ce duk ɗan ƙabilar Roma mai yawo da keken doki a kai shi hayin Kogin Nistru. Wai za a ba su gonaki da gidaje. Tanase, wani tsoho cikin maƙeran, ya yarda, don shi ko yaro ne ya gaya masa magana, in dai da hular hukuma a kansa, ta zauna.

Matarsa Saveta kuwa ba ta yarda ba. Ta ga an ƙwace gudumomin maza. Wanda zai ba ka gida me zai yi da gudumarka?

'Yarsu Ilinka haihuwa ta tsayar da ita a baya, ita da mijinta, ba a kama su ba. Yanzu suna tafe, suna bin alamar da ayari ke bari a kowace mararraba: sanda a ƙasa, dutse a kanta, bakinta na nuna inda aka bi.

Da rana ta take aka tsaya shayar da dawakai inda hanya ta rabu biyu. Saveta ta hangi mijinta ya sunkuya kamar mai gyara takalmi. Ya ajiye sandar, bakinta gabas.

"Tsoho, kai musu jikanka za ka yi?" ta ce a hankali.

"Ke dai baƙar zuciya gare ki. In an raba gidaje Ilinka ba ta nan fa?"

Ta je wajen jandarman da ke kusa ta ce fitsari. Ya kalle ta sama da ƙasa.

"Nan, inda nake ganin ki."

Ta tsuguna daidai kan sandar, faffaɗan siket ɗinta ya rufe ta. Ta laluba, ta juya bakin sandar zuwa hanyar duwatsu, ta mayar da dutsen. Jandarman bai ɗauke ido ba har ta miƙe.

Tanase ya matso da sauri, ya miƙa hannu, sai hannun ya tsaya a iska. Abin da siket ɗin mace ya rufe ya ƙazantu, namijin Roma ba ya taɓa shi ko da ƙafa. Ga maza goma suna kallo.

"Kin raba mu da ita," ya ce.

"Na sani."

Aka busa usur. Ta hau keke ta zauna tana fuskantar baya, baƙin ciki ya cika ta. Shekara arba'in tana ajiye alama ba ta taɓa yi wa hanya ƙarya ba, shi ya sa Ilinka za ta bi sandar nan ba tare da ta waiwaya ba.