Zarton da Ba Shi da Haƙori

Surukina, Baba Mainasara, yana da wani mummunan dutse mai girman ƙwan jimina, wanda ya shekara goma sha tara a ƙarƙashin gadonsa. A tsaunin Riruwai ya tsince shi, lokacin yana yi wa wani Bature mai neman kuza dako. Baturen ya auna nauyinsa a hannu, ya ce akwai haske a ciki, amma yanka shi ake yi, in an fasa an ɓata. Kafin a yanka zazzaɓi ya kayar da Bature, aka tafi da shi, bai sake dawowa ba. Injinsa na yankan dutse ya rage a wata rumfa, kaji suna ƙwai a kwaminsa.

Mutanen gari suka mai da abin na zolaya. In Baba ya fito masallaci sai ka ji, "Baba, ƙwan nan bai ƙyanƙyashe ba har yanzu?" Shi murmushi kawai yake yi. Ni kuwa abin ƙona mini rai yake, don ban taɓa kama tsohon nan da ƙarya ba.

A shekarar hamsin da biyar yanar ido ta fara rufe masa idanu. Na hagu ya tafi, na dama saura ƙiris. Wata safiya ya kira ɗansa, maigidana, wanda ake ce wa Maikano maƙeri, ya ce, "Ina so in ga cikin dutsen nan tun ina gani."

Maigidan nawa mutum ne mai taurin kai, in ya kafe jaki ma sai ya sallama masa. Ya jawo injin zuwa maƙera, ya warware shi ƙusa-ƙusa. Ni na jiƙa masa tsamiya tulu biyu, ya tsoma ƙarafan kwana uku har tsatsa ta saki. Ya shafe su da man gyaɗa, ya ƙera sabon mariƙi, ya taka har kasuwar Tudun Wada wajen dukawa aka yanko masa bel na fatar bijimi. Da ya juya mariƙin, faifan ƙarfen ya kama gudu ba ko ƙara.

Sai dai bakin faifan sumul yake. Ya shafa ya ce, "Haƙoran sun cinye."

Baba ya ce, "Ni dai ban tuna yana da haƙori ba."

"Haba Baba, ina aka taɓa zarto ba haƙori?"

Kwana huɗu yana fiƙe wa faifan haƙora da magagari, kyawawa kuwa. Aka ɗaure dutse, aka juya. Haƙoran suka zube a tashin farko, faifan ya lanƙwashe, dutse ko ƙwarzane bai yi ba. Masu kallo suka watse suna dariya. Ranar ma Baba ya miƙa hannu ɗaukar buta ya kama iska, ina gani.

Da na kai masa kunu na durƙusa na ce, "Baba, me kake iya tunawa in Baturen yana aiki da shi?"

Ya ce, "Halima, ni dako da wanki nake yi masa. Abin da na sani, duk ranar da ya taɓa injin nan rigarsa taɓo ce kaca-kaca."

Da maganar na tafi rijiya washegari. Ina jan guga sai idona ya faɗa kan dutsen bakin rijiyar, wanda igiya ta yi wa tsaga mai zurfin yatsa. Tun ina amarya nake ganin tsagar nan. Igiyar kaba ce, ba ta da haƙori ko ɗaya. Jiƙaƙƙiya ce dai, kuma kullum cikin yashi muke jan ta. Na bar tulun a wurin na nufi maƙera.

"Malam, ba ƙarfen ne ke yanka ba, yashi ne. Kwamin nan da ka wanke fes, taɓo ake zubawa a ciki."

Ya dube ni kamar zai yi musu, sai ya dubi kwamin. Bai ce na yi gaskiya ba, ba halinsa ba ne. Ya dai yanko gindin duro, ya buge shi ya zama faifai sumul. Ni kuma na je wurin masu wankin kuza na ɗebo baƙin yashin nan mai nauyi da suke zubarwa, na tankaɗe shi da rariyar tuwona, na dama da ruwa.

Faifan ya riƙa ɗebo taɓo yana goga wa dutse. Wunin farko abin da ya shiga bai kai kaurin farce ba. Muka ci gaba, shi da mariƙi, ni da ludayin taɓo, hannunsa duk kanta. Kowace safiya Baba kan tambaya, "An kai ina?" Kowace safiya kuma sai ya ƙara matso da fuskarsa kafin ya gane wanda ke magana.

Ran kwana na goma sha ɗaya, da hantsi, dutsen ya rabu biyu. Na ɗauraye shi. Ciki rami ne cike da ƙananan tsinaye masu ƙyalli.

Masu zolaya sun cika maƙera, kowa na miƙo wuya. Maigida ya ce ba wanda zai faɗi launinsa. Ya riƙo Baba zuwa cikin rana, ya ɗora masa rabin a tafin hannu. Tsohon ya kai shi dab da idon dama, ya juya, ya sake juyawa, har na fara cewa a raina mun makara.

"Shuni," in ji Baba. "Kamar babbar rigar da aka fito da ita daga marina. Ko ba haka ba, Halima?"

Na ce, "Haka ne, Baba."

Ya miƙa ɗaya rabin wajen da yake jin numfashin mutane. "Ku karɓa ku duba. Ni na gani."