Lambar Ɗanmaliki Mai Caji

Aikin Sumayya a ofishin wani shirin kula da ɗalibai mata da ke Kankia ba shi da wuya, in a baki ne. An horar da malamai yadda za su gane ɗalibar da damuwa ta yi wa yawa, ita kuma tana tura wa ɗaliban saƙo daga kwamfuta. Kowace Litinin tambaya ɗaya ce: yaya kike ji a makon nan?

Makarantar Dudunni ce ta rikita ta. 'Yan mata goma sha ɗaya, amsa ɗaya: "Lafiya lau, alhamdulillah."

"Wataƙila lafiyar tasu lau," in ji Madam Magdalene, shugabarta. "Ko so kike su kwanta?"

Amma Adawiyya na cikinsu. Malamarta ta rubuto cewa tun rasuwar yayanta yarinyar ba ta barci, tana kuka a aji, kuma ta roƙi kada a ji a gari, don kar a ce iska ce a cire ta daga makaranta. Jiya Sumayya ta tura mata saƙo na musamman, da sunanta da na mahaifinta, da zancen kukan, komai. Amsa ta dawo: lafiya lau, alhamdulillah.

Sai yanzu ta buɗe shafin lambobi. Duk su goma sha ɗayan lambarsu ɗaya. Ta sake dubawa har sau uku, ko idonta ne. Sannan ta ɗauki mayafinta ta tari ɗan acaɓa.

Lambar ta kai ta wata rumfar cajin waya mai janareta, wayoyi jere a kan tebur, dattawa uku a benci. Mai rumfar, Ɗanmaliki, ya amsa sallamarta.

"Baba, wannan lambarka ce?"

"Tawa ce. Duk wanda bai da waya a unguwar nan ita yake badawa. Asibiti, makaranta, har masu taki."

"To in saƙo ya zo fa?"

"In murya ce, in saurara in kai ma mai shi. In rubutu ne, Malam Kamilu ke karanta mani bayan la'asar, nan bisa benci."

Sumayya ta kalli dattawan. Su ma ita suke kallo.

"Na jiya, an karanta?"

"Tun jiya malamin ya tahi Kunduru ta'aziyya, yanzu dai muke dakon shi."

"To wa ya amsa mana?"

"Ni mana. Ku kullum gaisuwa kuke, shi ya rubuta mani amsa nake turawa. A gaishe da ɗiyan mutane a yi shiru?"

"Ai ba gaisuwa ba ce, Baba, tambaya ce."

"Yaya kike ba gaisuwa ba ce? A Kankia me kuke ce mata?" Ɗaya daga cikin dattawan ya tuntsire da dariya.

Sumayya ta ce kuskure aka yi, tana so ta goge na jiyan.

Ɗanmaliki ya cusa wayarsa aljihu. "Saƙo amana ne, Malama. Ba na gogewa sai mai shi ya ji."

Aka kira sallar la'asar. In ta faɗi dalili ta tona, in ta yi shiru Malam Kamilu zai tona.

"In ni na kai wa yarinyar da bakina fa?"

"Yau?"

"Yanzu."

Ya miƙa mata wayar. Ta goge, ta duba, ta sake dubawa. Ta tambayi gidan su Adawiyya, ya nuna mata gida mai ƙofar langa-langa.

Mahaifiyar Adawiyya ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo fura. Sumayya ta gaishe ta, ta tambayi gajiya, ta tambayi aiki, ta tambayi damina, ta koma kan gajiya. Matar tana jiran dalilin zuwan, ita kuwa ba ta tanadi ko ɗaya ba. Daga ƙarshe ta ce daga makaranta take, wucewa ta zo yi.

"To madalla. Adawiyya, taka wa Malama."

Sai da suka wuce gonar wake, babu kowa kusa, Sumayya ta rage murya.

"An aiko miki da saƙo jiya. Babu wanda ya karanta."

Yarinyar ta tsaya. "Me aka ce?"